Hantsakin Haske: Yadda Ake Auna Ƙarfin Da Ya Gagari Sikeli

Kowane sikeli yana da iyakarsa. Sikelin mahauta yana auna kilo da rabin kilo, amma in aka ɗora masa ƙwayar shinkafa ɗaya, allurarsa ko gezau ba za ta yi ba. Sikelin masu sayar da zinariya ya fi shi ji, domin yana kama giram har da gutsuren giram. To, wane sikeli ne zai auna ƙarfin da ƙwayar furotin guda ɗaya tak take yi lokacin da take jan kaya a cikin jikin mutum? Ita kanta ƙwayar ba a ganin ta da madubin ɗakin gwaje-gwajen makaranta, balle a ce za a ɗaura mata ƙugiya a rataye.

Duk da haka an auna wannan ƙarfi, kuma an san adadinsa tun shekarun 1990. Abin da aka yi awon da shi kuwa haske ne, hasken leza. 'Yan'uwa ɗalibai, abin da zai fi ba ku mamaki shi ne, ginshiƙan wannan aiki da ya ci kyautar Nobel suna nan cikin littafin Fiziks ɗin da ke jakarku: lanƙwasar haske, dokar Newton ta uku, da ka'idar Hooke.

Ƙanƙantar da ake magana a kai

Ma'aunin ƙarfi shi ne nyuton. Idan kuka ɗora tumatir mai nauyin giram 100 a tafin hannu, ƙarfin da yake danna hannunku da shi kimanin nyuton ɗaya ne. Yanzu ku raba wannan nyuton ɗin gida tiriliyan ɗaya, wato 1 da sifili 12 a bayansa. Kaso ɗaya daga ciki shi ake kira fikonyuton, a rubuce kuma ana taƙaita shi da pN.

Don ku gane ƙanƙantarsa, nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ya kai fikonyuton miliyan 200 ko fiye. Abin da nauyinsa ya yi daidai da fikonyuton ɗaya shi ne jar ƙwayar jini guda ɗaya, irin wadda ake samun miliyoyinta a ɗigon jini.

Haka ma tsawo. Maikuromita kaso ɗaya ne cikin miliyan na mita, nanomita kuma kaso ɗaya cikin biliyan. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen maikuromita 80, wato nanomita 80,000. Ku riƙe waɗannan ma'aunai biyu, fikonyuton da nanomita, domin da su ake lissafin duk abin da ke motsi a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu.

Ashe haske yana turi

A 1619 masanin taurari Johannes Kepler na Jamus ya yi bayani a kan wani abu da aka daɗe ana lura da shi: wutsiyar tauraro mai wutsiya kullum tana juya wa rana baya, ko yana nufo ta ko yana barin ta. Kepler ya ce hasken rana ne yake tura wutsiyar. A 1873 James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa lallai haske yana danna duk abin da ya faɗa a kai. Amma sai wajen 1900 da 1901 aka iya auna wannan turi a ɗakin gwaji, a hannun Pyotr Lebedev na Rasha, da kuma Ernest Nichols da Gordon Hull na Amurka.

Me ya sa aka ɗauki wannan dogon lokaci? Saboda turin ba shi da yawa ko kaɗan. Kuna iya lissafa shi da kanku. Idan abu ya shanye hasken da ya faɗa masa, ƙarfin turin shi ne ƙarfin wutar hasken a raba da saurin haske. Ku ɗauki 'yar tocilan ɗin leza irin wadda ake nuni da ita a allo, mai ƙarfin miliwat ɗaya, wato wat 0.001. Saurin haske mita miliyan 300 ne a daƙiƙa. In kun raba, za ku samu kusan fikonyuton 3. Wannan shi ne turin da jan ɗigon nan yake yi wa bango. Bango ba zai ji komai ba, hannun mutum ma haka. Amma ga abin da nauyinsa bai kai fikonyuton ɗaya ba, wannan turi babba ne. Raina kama ka ga gayya.

Mutumin da ya kama abu da haske

An haifi Arthur Ashkin a birnin New York a 1922, ya kuma shafe shekaru kusan arba'in yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka. Bayan an ƙera leza ta farko a 1960, sai ya ga an samu abin da magabata ba su samu ba, wato haske mai ƙarfi da za a iya tattara shi a wuri ɗan mitsitsi.

A gwajin da ya wallafa a 1970, ya zuba ƙananan ƙwallayen roba masu garai-garai a cikin ruwa, kowanne faɗinsa bai wuce 'yan maikuromita ba, ya haska musu leza. Kamar yadda ya zata, hasken ya tura su gaba. Sai dai ya ga wani abu na biyu: ƙwallayen da ke gefen hasken suna gangarowa tsakiyarsa, inda ya fi ƙarfi, kamar ana janyo su. Da ya gwada da kumfar iska, sai ya ga akasin haka, hasken yana kore ta waje. Daga nan ya haɗa leza biyu suna fuskantar juna, ƙwallo ya tsaya cik a tsakaninsu.

Sai bayan shekara 16, a 1986, shi da abokan aikinsa uku suka kama ƙwallo da leza ɗaya tak. Cikinsu akwai Steven Chu, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1997, ya kuma riƙe muƙamin sakataren makamashi na Amurka. Wannan na'ura ita ake kira hantsakin haske, domin tana riƙe ƙaramin abu kamar yadda ake riƙe ƙaya da hantsaki, sai dai babu ƙarfen da ke taɓa shi.

Shekara ɗaya bayan haka, Ashkin yana gwada kama ƙwayoyin bairos masu cutar da ganyen taba, sai wasu halittu masu iyo suka ɓulla a cikin ruwan gwajinsa suna faɗawa tarkon. Da aka duba, ashe bakteriya ce. Koren hasken da yake amfani da shi yana kashe su, don haka ya koma ga hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ƙwayoyin halitta kuma ba sa shanye shi sosai. Da wannan hasken bakteriyar ta rayu a cikin tarko har ta hayayyafa. Nan ne ƙofar nazarin halittu ta buɗe.

A watan Oktoban 2018 aka ba Ashkin rabin kyautar Nobel ta Fiziks yana da shekara 96. Ɗaya rabin aka raba wa Gérard Mourou na Faransa da Donna Strickland ta Kanada, mace ta uku da ta taɓa cin wannan kyauta a fannin. Ashkin ya rasu a 2020.

Yaya haske yake riƙe ƙwallo?

Ku tuna da cokalin da ke cikin kofin ruwa, wanda ake gani kamar ya karye. Haske yana lanƙwasa idan ya ratsa daga wani abu zuwa wani. Ƙwallon gilashi ko na roba ya fi ruwa lanƙwasa haske, saboda haka duk hasken da ya shige shi yana fita ta wata fuska daban.

Yanzu sai dokar Newton ta uku, wadda ta ce duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai da haka ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya taɓa riƙe tiyon ban-ruwa ya san haka. In ka lanƙwasa bakin tiyo zuwa dama ruwa na fita da ƙarfi, za ka ji yana ture hannunka zuwa hagu. Ƙwallo ma in ya karkatar da haske zuwa dama, hasken zai ture shi zuwa hagu.

Hasken leza ya fi ƙarfi a tsakiya, yana raguwa ta gefe. A ce ƙwallo ya goce zuwa dama. Ɓangarensa na hagu shi ne ke kusa da tsakiya, don haka hasken da ke ratsa nan ya fi yawa. Ƙwallon yana karkatar da wannan haske mai yawa zuwa dama, shi kuma sai a ture shi zuwa hagu. Ta ɗaya ɓangaren akwai turi zuwa dama, amma mai rauni ne tunda hasken wurin kaɗan ne. Mai ƙarfi ya rinjayi mai rauni, ƙwallo ya dawo tsakiya. Ko ta ina ya goce, haka za a dawo da shi.

Saura matsala ɗaya, wato turin da ke kai shi gaba. Maganinta shi ne a bi da lezar ta cikin gilashin madubin ƙara girma mai ƙarfi sosai, wanda zai tattaro hasken daga kowace kusurwa zuwa ɗigo ɗaya. Bayan ɗigon, hasken yana sake bajewa. Idan ƙwallo ya zarce ɗigon, sai ya tattaro wannan bajajjen haske ya miƙar da shi gaba, sakamakon haka a ture shi baya. Ta haka ya zama a tsare ta gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa.

Daga tarko zuwa sikeli

Riƙe abu daban, auna ƙarfi daban. Abin da ya haɗa su shi ne ka'idar da Robert Hooke na Ingila ya wallafa a 1678, wadda kuke gwadawa a aji da sifirin da ƙananan ƙarafan awo: miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da ya ja shi. An ninka ƙarfi, miƙewa ta ninka. A rubuce, F = kx, inda k yake nufin taurin sifirin, x kuma nisan da ya miƙe.

Tarkon haske yana yin halin sifirin. In wani abu ya ja ƙwallo daga tsakiya kaɗan, hasken zai ja shi baya kaɗan. In ya ja shi ninki biyu, hasken zai ja ninki biyu, muddin dai bai yi nisa sosai ba. Ke nan wanda ya san k, ya kuma auna x, ya san F.

Ana auna x da shi kansa hasken. Bayan ya ratsa ƙwallon, sai ya faɗa kan wani ɗan faranti mai jin haske da aka raba gida huɗu. In ƙwallo yana tsakiya, gidajen huɗu suna samun haske daidai wa daida. Da ya motsa, wani gida zai fi wani samu, kwamfuta kuma ta mayar da bambancin zuwa nisa. Da wannan dabara ana gane motsin da bai wuce nanomita ɗaya ba, sau dubbai a cikin daƙiƙa.

Sanin k shi ne babban aiki. Sikelin da ba a daidaita ba, ko ya kai na zinariya tsada, ƙarya zai faɗa. Hanya ta farko ita ce a ja ƙwallon da ƙarfin da aka riga aka sani. A 1851 George Stokes ya fitar da lissafin ƙarfin da ruwa mai gudu yake yi wa ƙaramin ƙwallo. Bisa lissafinsa, ruwa mai gudun maikuromita 100 a daƙiƙa yana jan ƙwallo mai faɗin maikuromita ɗaya da ƙarfin kusan fikonyuton ɗaya. A ce an kwarara ruwan haka, aka ga ƙwallo ya matsa nanomita 20. Ɗaya a raba da 20 ya ba da 0.05, wato taurin tarkon fikonyuton 0.05 ne a kowace nanomita. Daga nan, in wata ƙwaya ta ja ƙwallon har nanomita 120, sai a ninka 120 da 0.05, a samu fikonyuton 6.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa. Ƙwallon da ke cikin tarko ba ya zama shiru, kullum yana karkarwa, domin ƙwayoyin ruwa suna ta bugun sa ta kowane gefe. Robert Brown ya lura da irin wannan motsi a 1827, Albert Einstein kuma ya bayyana dalilinsa a 1905. Girman karkarwar ya dogara da abu biyu, zafin ruwan da taurin tarkon. Tarko mai tauri yana rage ta, mai laushi yana barin ta ta yi yawa. A tarkon da muka yi misali da shi, a zafin ɗaki, karkarwar takan kai wajen nanomita 9. Saboda haka masu bincike suna auna karkarwar, su fitar da k daga cikinta, sannan su gwama da abin da hanyar ruwa ta ba su. In amsoshin biyu ba su zo ɗaya ba, ba a fara gwaji sai an gano inda matsalar take.

Ɗan dakon da ke cikin jikinku

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai siraran hanyoyi kamar layin dogo, akwai kuma furotin masu dakon kaya a kansu. Ɗaya daga cikinsu sunansa kinesin. Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz ne suka gano shi a 1985, a cikin jijiyar wata halittar teku mai hannuwa da yawa da ake kira sikwid. Kinesin yana da ƙafafu biyu, yana ɗaukar kayan da ƙwayar halitta take buƙata daga tsakiyarta zuwa gefe. Aikinsa ya fi muhimmanci a jijiyoyin saƙo, domin akwai ƙwayar jijiya guda da tsawonta ya kai mita ɗaya, tun daga ƙashin baya har yatsan ƙafa.

An san yana tafiya, amma ba a san yadda yake tafiyar ba. Sulalewa yake yi, ko taku yake yi ɗaya bayan ɗaya? A 1993 Karel Svoboda, wanda a lokacin ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Harvard, tare da Steven Block da wasu abokan aiki biyu, suka ba da amsa. Sun manna kinesin a jikin ƙaramin ƙwallo, suka kama ƙwallon da leza, suka ɗora shi kan layin. Kinesin ya fara tafiya yana jan ƙwallon daga tsakiyar tarko.

Ku lura da wahalar da ke cikin aikin. Karkarwar ƙwallon ta kai girman takun da ake nema, ko ma ta fi shi. Sai suka rage wa kinesin abincinsa, wani sinadari da ake kira ATP, don ya riƙa tafiya a hankali yana tsayawa tsakanin taku da taku. Da aka tattara awo mai yawa aka tace shi, sai hoton ya fito kamar matakalar bene, kowane mataki nanomita 8.

Binciken da ya biyo baya ya cike sauran. Kinesin yana ƙona ƙwayar ATP ɗaya a kowane taku. In abinci ya wadata yana yin taku kusan 100 a daƙiƙa. Yana ci gaba da ja har sai tarkon ya riƙe shi da ƙarfin fikonyuton 5 zuwa 7, a nan yake tsayawa. Don ya ƙetare kaurin silin gashi ɗaya sai ya yi taku 10,000, abin da zai ɗauke shi fiye da minti ɗaya da rabi. A wannan saurin, tafiyar mita ɗaya za ta ci kusan mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani lissafin kuma. Aiki shi ne ƙarfi a ninka da nisa, wato 6 sau 8, ya ba da 48. In aka gwama wannan da makamashin da ke cikin ƙwayar ATP ɗaya, za a ga kinesin yana iya mayar da kusan rabin abincinsa aiki. Injin mota mai shan fetur bai kai haka ba, yawancin mansa zafi yake zama.

Tsoka da zaren gado

A 1994 Jeffrey Finer da Robert Simmons da James Spudich suka yi irin wannan awo a kan mayosin, furotin da ke sa tsoka ta motsa. Sun samu cewa ƙwaya ɗaya tana ja da ƙarfin fikonyuton 3 zuwa 4. Duk lokacin da kuka ɗaga bokitin ruwa, tarin waɗannan ƙananan ja ne da ba su ƙirguwa suke haɗuwa su ɗaga shi.

A 1996 Steven Smith da Yujia Cui da Carlos Bustamante suka kama zaren DNA guda ɗaya, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, suka yi ta ja. Da farko yana miƙewa cikin sauƙi, sai ya yi tauri. Da ƙarfin ya kai wajen fikonyuton 65, kwatsam sai ya saki, tsawonsa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100 ba tare da ya tsinke ba. A 2001 kuma ayarin Bustamante suka auna wani ɗan inji da wata bairos take cusa DNA ɗinta da shi cikin ƙoƙonta, suka ga yana ja da ƙarfin da ya haura fikonyuton 50, kusan ninki goma na kinesin.

A 2005 ayarin Steven Block a Jami'ar Stanford suka kai ga ganin takun furotin da ke karanta DNA harafi bayan harafi. Kowane taku kusan kaso ɗaya cikin uku ne na nanomita. A wannan mataki, ko kaɗawar iskar ɗaki tana karkatar da hasken ta ɓata awo. Sai da suka rufe hanyar lezar cikin akwati suka cika shi da iskar hiliyom, wadda ba ta cika lanƙwasa haske ba.

Inda abin ya shafe mu

Faɗin jar ƙwayar jini maikuromita 7 zuwa 8 ne, amma dole ta bi ta wasu jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, ta kuma kutsa ta ƙananan tsagogin da ke cikin saifa. Tana iya yin haka ne saboda taushinta, tana lanƙwashewa ta wuce ta dawo daidai. Cututtuka biyu da suka addabi gidajenmu, zazzaɓin cizon sauro da sikila, duk suna taɓa wannan taushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da sikila.

Da hantsakin haske ana iya auna taurin ƙwayar jini guda ɗaya. Ana manna mata ƙwallo biyu, ɗaya a kowane gefe, a kafe ɗaya, a ja ɗayan da leza, a ga yawan miƙewar da ta yi. A 2005 Subra Suresh na cibiyar MIT ta Amurka da abokan aikinsa na Singafo suka wallafa cewa ƙwayar jinin da ƙwayar maleriya mai tsanani ta girma a cikinta tana iya yin tauri har kusan ninki goma. Dalili kuwa, ƙwayar cutar tana fitar da nata furotin da ke mannewa a fatar ƙwayar jinin. Ƙwayar da ta yi tauri, ga kuma danƙo da take yi, tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi ta hana jini gudu, wannan na cikin abin da ke sa cutar ta yi kisa.

A Birazil ma, masu bincike a birnin Campinas sun yi amfani da na'urar a 2003 wajen auna ƙwayoyin jinin masu sikila. Sun samu cewa sun fi na masu lafiya tauri, sannan suka bi diddigin yadda magani yake sauya wannan tauri. Ba da wannan na'ura ake gwada marasa lafiya a asibiti ba, gwajin jinin da aka saba shi ne dai hanya. Amfaninta shi ne ta ba masu bincike adadi a inda da can sai dai a ce ƙwaya ta yi tauri ko ta yi laushi. Sai da adadi ake iya cewa wannan magani ya fi wancan.

Iyakarsa, da abin da ya rage gare ku

Shi ma wannan sikeli yana da iyaka. Ƙarfin da yake iya aunawa ya fara daga ƙasa da fikonyuton ɗaya zuwa 'yan ɗaruruwa, abin da ya wuce haka sai ya fizge ƙwallon daga tarko. In aka ƙara wutar leza don tarkon ya yi tauri, ruwan yana ɗumama, ƙwayar da ake nazari kuma tana iya lalacewa. Girgizar ƙasa daga motar da ta wuce a titi tana shiga awo, shi ya sa ake ɗora na'urar kan teburi na musamman, sau da yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ga tsada, ga buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa.

Gargaɗi ɗaya: turin leza ƙarami ne, amma zafinta a ido ba ƙarami ba ne. Idon mutum yana tattara hasken a ɗigo ɗaya kamar yadda gilashin madubi yake yi. Kada ku haska wa kowa tocilan ɗin leza a ido, ko da wasa.

Samun irin wannan na'ura a makarantar sakandare abu ne mai wuya, amma tunanin da ke bayanta yana hannunku. Ku samu roba irin ta ɗaure kuɗi, ku rataye ta a ƙusa, ku ɗaura mata ƙaramin kofi. Ku riƙa zuba ruwa cokali biyar-biyar, kuna auna miƙewarta da rula kuna rubutawa. Ku zana jadawali, ku fitar da k, ku kuma lura da inda layin ya daina miƙewa, domin nan ne iyakar sikelinku. Sai ku zubar da ruwan ku saka dutsen da ba ku san nauyinsa ba, ku lissafa nauyin daga miƙewar robar. Daga ƙarshe ku kai dutsen kan sikelin makaranta ku gwama amsoshin biyu. Matakan da kuka bi su ne waɗanda Svoboda ya bi kafin ya ce takun kinesin nanomita 8 ne, ƙarfinsa kuma 'yan fikonyuton: a daidaita ma'auni, a auna, sannan a tabbatar ta wata hanya daban.